Shekarar da Kaka ta bar Konduga

Lokacin da zaman Konduga ya gagara saboda rashin tsaro, mahaifinmu ya je ya ɗauko mahaifiyarsa ya kawo ta gidanmu a unguwar Bolori. Ina shekarar farko a kwalejin horar da malamai. Aka ba ta ɗakina, ni na koma kwana da ƙannena mata.

A can garinsu, ba a kai amarya sai an biya ta wurin Kaka, domin ita ke haɗa turaren wuta da humra. Mata sukan taho daga ƙauyuka su zauna a tsakar gidanta suna jira. A Bolori kuwa ba wanda ya san haka. Maƙwabta suna ce mata tsohuwar gidan malam, su gaishe ta su wuce. Hausarta kaɗan ce, yaran gidan kuma ba sa juya Kanuri sosai. Ta riƙa wuni a kan tabarma, lulluɓe da lafaya, tana kallon bango. Abinci ma sai an lallaɓa ta.

A lokacin ne wani malaminmu yake koya mana yadda mutum ke girma da sanin kansa. Ya ce ba wanda ke gane ko shi wane ne shi kaɗai, sai ya ga yadda mutane suka san shi, kuma abin ba ya ƙarewa da ƙuruciya. Ina zaune a aji, Kaka ce ta faɗo mini a rai. Ban dai san abin da zan yi mata ba.

Maƙwabciyarmu wata malamar firamare ce, Kirista daga kudancin Borno, tana shirin aurar da 'yarta. Wata Asabar ta shigo da turaren da ta sayo a kasuwa don ta nuna wa mahaifiyata. Aka zuba a kasko. Da hayaƙin ya kai wurin Kaka sai ta ɗago kai, ta ce mini da Kanuri an ƙona sukarin, kajijin kuma bai bushe ba. Na fassara, ina jin kunya.

Malamar ba ta ji haushi ba. Ta matsa ta durƙusa gefen tabarmar.

"Kaka, ke za ki haɗa wa 'yarki na aurenta?"

Na mayar wa Kaka da maganar cikin Kanuri. Sai ta ce a sayo kaya, amma ita za ta zaɓa da hannunta. Ranar ce ta fara taka ƙofar gida tun zuwanta.

Ni na zama tafinta tsakaninsu, Hausa ta nan, Kanuri ta can. Bayan bikin, matan cocin malamar suka fara sallama neman turare, sai kuma matan unguwa. Kaka ta koma faɗa idan an taɓa mata kwalabe, mahaifinmu kuwa yana jin faɗan yana murmushi.

Da hanya ta yi sauƙi, mahaifinmu ya tambaye ta ko tana son komawa. Ta je ta ga dangi, ta kwana biyu, ta dawo da buhun saiwoyin turare. A Bolori ta ƙarasa rayuwarta, kuma ranar rasuwarta har bakin titi mata suka zauna.