Bangon Inna da Na Sa Aka Goge

Edita, a lokacin da wannan abu ya faru ni wakilin wani gidan rediyo ne a Tambuwal, ina cikin shekarata ta tara a aikin. Abu biyu aka fi horar da ni a kai: kada jimla ta fi ƙarfin numfashi ɗaya, kuma kada a kama sunan mutum idan za a faɗi aibinsa. Ban da rahoton kasuwa da na damina, ina da sharhi na minti biyar duk ranar Laraba bayan la'asar, a kan tarbiyya da halin zamani. Dattawa kan tsayar da ni a tasha su ce na faɗi abin da ke ransu. Yabon nan ya shige ni fiye da yadda na sani.

Mu mutanen Kebbe ne. Autanmu, wanda na girma da shekara goma sha huɗu, shi ya zauna gida ya yi jinyar mahaifiyarmu har ta rasu, ni kuwa sai dai in zo in koma. Yana da rumfar caji da gyaran waya a bakin kasuwa, da damina kuma shi ke noma gonarmu. Wata Asabar na je gida, na same shi a rumfar ya sunkuya a kan waya, samari sun kewaye shi. Wasan nan ne da ake gina gidaje da gonaki da bulo mai kusurwa huɗu. Ya bayyana mini cewa kowane bulo a wasan yana sanye da ɗan hoto, kamar yadda ake yaɓe bango, kuma ana iya cire hotunan da wasan ya zo da su a sa wasu. Waɗanda ake saukowa da su daga intanet suna da kyau amma suna da nauyi, wayoyin mutanenmu kuwa ƙanana ne, da an sa sai su yi zafi su sandare. Shi ya sa ya zauna yana zana nasa marasa nauyi, kowane hoto ɗigo takwas a tsaye, takwas a kwance. Ya zana jar ƙasa, da zana, da karan dawa, da jinka, har da ƙofar langa-langa mai tsatsa. Kusan shekara biyu yana yi, yana tura wa duk mai so kyauta, daga waya zuwa waya.

Na karɓa na duba. Ban ga komai ba sai dishi-dishi. Na ce masa wannan ai kamar hoton da aka ɗauka ta cikin rariya ne, samarin suka yi dariya, shi ma ya yi. Ya ce in ɗan nisanta wayar daga idona zan gani, kuma akwai guda ɗaya da yake so ya nuna mini ni kaɗai. Mai babur yana jirana, hadari kuma ya taso, na san halin hanyarmu idan ta jiƙe. Na ce masa sai wani zuwan.

Ranar Talata ta yi ba ni da abin da zan yi sharhi a kai. Sai rumfar ta faɗo mini. Na rubuta cewa akwai wani matashi mai rumfar caji a wani gari na kudancin jiharmu, wanda ya kwashe shekara biyu yana zana ɗigo-ɗigon da ko shi ba ya gane su, yana tara 'ya'yan mutane suna barin aiki. Na rufe da cewa mai gina gida a waya, damina a waje za ta same shi. Na ji daɗin jimlar har na maimaita ta. Ban kama suna ba, don haka a ganina ban karya ƙa'ida ba. Abin da ban tsaya na lissafa ba shi ne, rumfunan caji a bakin kasuwarmu ba su da yawa, kuma ɗaya ce tak wadda yayan mai ita ke magana a rediyo.

Yayarmu ce ta kira ni bayan kwana tara. Ta ce tun ranar ba a bar autanmu ya sha ruwa ba. Masu wucewa suna kiransa Sarkin Magina, suna tambayarsa ko akwai ɗakin baƙi a wayar, za su zo kwana. Wani dattijo ya zo ya zare wayarsa daga caji, ya ce ba zai ƙara kawowa inda ake lalata yara ba. Daga ƙarshe Baffanmu ya kira shi zaure, ya ce tunda har ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya rasa yadda zai yi sai da ya kai shi rediyo, to abin ya kai. Ya umarce shi ya goge komai a gabansa. Bai yi musu ba. Ya goge wasan, ya goge jakar da zanen ke ciki, ya nuna wa Baffa wayar.

Na fara kare kaina, ina cewa ni gyara na nufa. Ta bar ni na gama, sannan ta tambaye ni ko na tuna bangon ɗakin Inna. Duk shekara bayan damina Inna takan kwaɓa jar ƙasa ta yaɓe cikin ɗakinta da hannunta, kafin ya bushe ta ja yatsunta a kai daga sama zuwa ƙasa. Ɗakin ya faɗi a daminar da ta biyo bayan rasuwarta, ni ne ma na sa aka share wurin aka tayar da na siminti. Ashe kafin ya faɗi autanmu ya ɗauki hoton bangon, ya zauna ya mayar da shi ɗigo sittin da huɗu. Wayar da hoton ke ciki ta daɗe da lalacewa. Zanen nan shi ne kaɗai abin da ya rage, da shi ya gina ɗakin Inna a wasan, da ƙofarsa tana kallon gabas kamar yadda take.

Na yi abin da ɗan rahoto ya iya. Tunda ya rarraba zanen, na ce dole akwai shi a wayar wani. Na bi sawu, wannan ya ce wancan ya tura masa, har na je Sanyinna, daga can aka kwatanta mini wani tela a Jabo. Telan ya buɗe mini wasan a wata ƙaramar waya mai fasasshen gilashi. Ya gina rumbuna uku da garke. Na miƙa hannuna na nisanta wayar, kamar yadda aka ce in yi tun farko, sai ga zana sak, har da inda igiya ta ɗaure ta. Na roƙi telan ya tura mini zanen a wayata.

Na kai wa autanmu Kebbe ina jin na gyara ɓarnata. Ya duba, ya gode, ya ce duk suna nan. Sannan ya ce, "Sai dai bangon Inna ba shi ciki, Yaya. Ban taɓa tura ma kowa shi ba. Kai nika jira ka fara gani."

Na roƙe shi gafara, ya ce ba komai, ya ci gaba da kwance wata waya. Na ce zan janye maganata a sharhin Laraba, in faɗi amfanin aikinsa. Ya ce kada in ƙara kai shi rediyo, ko da yabo ne. Na je na yi wa Baffa bayani, ya ce to ai ni na faɗa, shi kuma ya gaskata ni.

Da na koma rumfar, sai na ciro takardar rahoto, na ja layuka a bayanta, gida takwas a tsaye, takwas a kwance, na ce bari in gwada daga abin da na tuna. Na yi shekara goma sha takwas ina kwana ina tashi a gaban bangon nan. Na ja sawu uku, na tsaya, don ban san ko uku ne ko biyar ba. Autanmu ya leƙo ya duba. "Fuɗu na," in ji shi. "Inna ba ta sa babban yatsa." Ya karɓi biron ya cike layi ɗaya ya bar ɗaya, har sau huɗu, ya ce shi ya sa takwas ta ishe shi. Amma launin ƙasar, da inda yatsanta ya ɗan karkace, ya ce daga hoton ya ɗauko su, ba zai iya daga ka ba. Har yau bai mayar da wasan a wayarsa ba. Takardar tana aljihuna.

Kafin in aiko da wannan wasiƙa na nemi izininsa. Ya ce in rubuta, takarda ba ta ihu a kasuwa. Abin da na koya shi ne, ɓoye suna ba ya ɓoye mutum a garin da kowa ya san kowa, kuma ƙa'idar da na fake da ita ni ta kare, ba shi ba. Ina jan hankalin duk wanda ake saurare, a rediyo ne ko a zaure ko a gida: idan na ƙasa da kai ya miƙo maka abin da ba ka gane ba ya ce ka duba, ka zauna ka duba. Mai babur zai iya jira. Ni minti ɗaya aka roƙe ni, na hana, na je na yi minti biyar a kan abin da ban gani ba.