Tarihin Furfura, Mai Sake Ƙona Tsoffin Mazubai

Haihuwa da karatu

An haifi marigayin a shekarar 1949, a garin kakanninsa, mahaifinsa magini, mahaifiyarsa mai saƙar tabarma. 'Yan'uwansa sun yi saɓani kan watan haihuwar, shi ma bai taɓa tsayar da magana ɗaya ba. Ya kammala firamare a 1962, sannan ya shiga makarantar koyon sana'a da niyyar zama kafinta, amma aka sa shi ajin tangaran bisa kuskure, kunya kuma ta hana shi neman gyara.

Aiki

A 1968 ya kama aiki a masana'antar kofuna da faranti. A can ana zuba kunun yumɓu cikin mazubin filasta, wani farin gari mai daskarewa idan an kwaɓa shi, mazubin ya shanye ruwan, kofi ya fito. Idan mazubi ya tsufa ya daina shan ruwa, sai a jefar da shi bayan katanga. Da filasta ta yi tsada a 1975, manaja ya ɗora masa alhakin raya wannan tarin. Ya riƙa fasa mazuban da guduma, ya niƙa, ya tankaɗe, ya ƙona garin a tanderu don a sake yin mazubai da shi. Ƙurar ta rina kansa da girarsa fari fat, abokan aiki suka laƙaba masa Furfura.

Aure da iyali

A 1976 ya nemi auren 'yar wani direban masana'antar. Ranar da ya je gaisuwa kai tsaye daga aiki, kakar yarinyar ta shimfiɗa masa tabarma ta ce, "Sannu da zuwa, Baba. Ina yaron naku, ko kunya ce ta tsayar da shi a waje?" An ɗaura auren a ƙarshen shekarar, Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar.

Shekarun gwaji

Ƙonin farko ya yi kyau matuƙa, har aka ɗaukaka shi zuwa shugaban sashe. Na biyu kuwa, da wuta iri ɗaya da rariya ɗaya, ya ruguje a hannun masu zubi, farantan wani babban otal suka lalace, aka mayar da Furfura mai shara a tsakar masana'anta. Bayan wata biyu aka ga mazuban da ya bari sun fi sababbi ƙarko, aka dawo da shi. Haka al'amarin ya ci gaba shekaru ashirin da uku: yau yabo, gobe tuhuma. Ya zargi ruwan rijiya, ya zargi sabulun da ake shafa wa mazubi, ya zargi damina, kowane zato ya gaskata sau ɗaya sannan ya ƙaryata kansa. Maiɗakinsa ta ruwaito cewa yakan tsaya kan murhunta yana tambayar zafin wuta, har ta ce masa, "Malam, tukunyata dai ba ta taɓa ba ni kunya ba."

Ƙarshen rayuwa

An rufe masana'antar a 1998. Wasu tsoffin ma'aikata sun ce aikinsa ne ya ƙara mata kwana, wasu suka ce shi ya gaggauta mutuwarta, shi kuma duk wanda ya faɗa masa ɗaya sai ya ce, "Mai yiwuwa." Ya gina ƙaramin tanderu a bayan gida ya ci gaba da gwaji, yana neman dalilin da wani ƙonin ke yin kyau wani ya lalace, har ciwon ƙirji ya kwantar da shi.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a 2014, aka binne shi kusa da mahaifinsa bayan sallar azahar. Ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya riga shi rasuwa; ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu a raye: babbar, ungozoma, mai bi mata, direban tirela, ta uku, malamar firamare, da autansu, wanda ya gaji tanderun. Idan aka tambayi autan abin da mahaifinsa ya koya masa, yakan ce, "Komai ya koya mini, ban da dalili." Allah ya jiƙansa da rahama.