Ranar Da Tsaftata Ta Kusa Nutsar Da Jirgin Baba

Shekarun baya, ban daɗe da gama sakandare ba, aka tura ni Alƙahira wajen yayana da ke karatu a can. Zaman ɗaki a unguwar Ainu Shams ya ishe ni cikin sati biyu. Yayana kuwa duk hutu yana taya wani dattijo aiki a bakin kogin Nilu ta wajen unguwar Ma'adi. Dattijon Bahaushen Sudan ne, muna ce masa Baba, kuma abin da ya mallaka a duniya shi ne faluka ɗaya, wato jirgin katako mai tafiya da ƙaton ƙyalle da iska ke turawa. Da shi yake yawo da mutane a kogi, da shi yake ci da iyali.

Da na ji za su kai jirgin wani ƙauye can kudu wajen kafinta, tafiyar kwana biyu, na ce ƙafata ƙafarsu.

"Ke da ba kya iya jiran shayi ya tafasa?" in ji yayana. "Iska fa ba ta jin masifa."

Na bi su dai. Gaskiyarsa kuwa. In iska ta tsaya, sai a zauna. Baba ya ɗauko allura ya yi ta ɗinkin ƙyalle, yayana ya yi ta shafa wa igiyoyi mai, a ci wake da burodi, a sha shayi, a sake sha. Ni abin da ya tsone mini ido ƙazanta ce. Ko'ina warin kwalta da danshi. Na faɗa wa Baba a gabansa, don ni ba na ɓoye magana. Ya yi murmushi ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri 'yata, jirgin ya girme ki."

Rana ta biyu da azahar suka ɗaure jirgin a gaɓa, suka hau cikin wani ƙauye sallah, suka bar ni gadi. Na ce yau za a ga aikin mace. Na share, na wanke kofuna, na ɗaga katakan da ake takawa. Nan na ga abin da ya tayar mini da zuciya: a gefen dama, duk tsagar da ke tsakanin katako da katako cike take da baƙin tsumma mai danƙo. Na ce oh, ashe nan warin yake. Na ɗauki wuƙar yanka albasa na bi su ɗaya bayan ɗaya na zaƙulo. Wasu har sai da na sa ƙarfi. Ko ɗigon ruwa bai shigo ba, don jirgin yana tsaye, tsagogin kuma suna sama da ruwa. Na tattara tsummokaran na watsa a kogi, na mayar da katakan, na zauna ina jiran yabo.

Yabon ma na samu. Baba ya ce tamam, jirgi ya yi fes.

Bayan la'asar iska ta taso da ƙarfi. Aka buɗe ƙyalle, muka shiga tsakiyar kogi, jirgin ya karkata dama kamar yadda ya saba. Ina zaune sai na ji sanyi a ƙafata. Na duba, takalmina na yawo a kan ruwa.

"Yaya, wannan ruwan fa?"

Baba ya miƙa wa yayana sandar juya jirgi, ya finciko katako ɗaya. Wallahi ruwa ne ke tsartuwa ta kowace tsaga, layi-layi. Ya shafa wurin da yatsa, ya ɗago ya dube mu.

"Ina tsummana?"

Na ce, "Baba, dattin nan? Na zubar."

"Kin me?" Yayana ya daka mini tsawa. "Innalillahi! Shi ne fa ya toshe jirgin! Sati guda Baba ya yi yana cusa su da kwalta don mu samu mu kai wajen kafinta!"

Ban iya iyo ba, amma ba wannan ne ya fi razana ni ba. Fuskar Baba ce. Ruwa yana haɗiye abincin gidansa a gaban idonsa, kuma da hannuna na buɗe ƙofar.

Baba bai zage ni ba. Ya ce, "Khalas, ya isa, surutu ba ya toshe rami. Yalla, maza ku koma hagu." Ya sassauta ƙyallen, jirgin ya ɗan miƙe, tsagogin sama suka fita daga ruwa, amma na ƙasa ba su daina ba, don nauyin ruwan da ya shiga ya danne jirgin. Yayana ya mayar masa da sandar, ya kama kwarfar ruwa da tukunyar wake. Baba ya waiwaya yana neman abin cusawa, babu. Na ciro zanin atamfa daga jakata na miƙa masa.

Ya ƙi karɓa. Ya miƙo mini wuƙar nan tawa.

"Ke kika san inda kika ciro su. Yaga ki mayar."

Haka na durƙusa cikin ruwa har cinya, ina yaga, ina tsomawa a gwangwanin kwalta, ina cusawa da bayan wuƙa. Baba ya tsaya a kaina, sandar a hannunsa, yana cewa, "A hankali. In kin yi gaggawa katakon zai ƙara tsagewa." Ni da ban san a hankali ba, ranar na koya dole.

Muka lallaɓa ta gefen gaɓa, muka isa ƙauyen kafintan kafin magariba. Da aka jawo jirgin tudu, kafintan ya leƙa ciki ya ga atamfa ja da ruwan ɗorawa a cikin tsagogi, ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Baba dai ya zauna a ƙasa, ya dafa jikin jirgin. Katakai biyu sun ƙara lalacewa, amma kafintan ya gyara, jirgin ya tashi, ya koma aikinsa.

Ban daina gaggawa ba, ƙarya ne in ce na daina. Amma in na ga abu mummuna a wurin da ba nawa ba, nakan tsaya in tambayi mai wurin ko me yake riƙe da shi, kafin in kai hannu.