Muryar da ɗiyata ta sani tun tana ciki

Shekarar da albasata ta ruɓe a rumbu, matata tana ɗauke da cikin fari. Ban taɓa ɗaga mata hannu ba, kuma na daɗe ina fakewa da wannan. Amma na sake mata baki. In na dawo daga kasuwar Aliero, tun daga zaure nake fara faɗa: tuwo ya huce, akuya ta kwance, komai dai. Ba ta ramawa. Sai ta dafe ciki ta ce, "Malam, yi a hankali, yana motsi."

Ni kuwa in ce, "Shi ma ya ji."

Ranar da ta haihu, aka miƙo mini jaririya in yi mata huɗuba. Na raɗa mata kiran salla a kunne, ta yi lamo. Da na ɗago na ce wa ƙanwata ta kawo ruwa, da muryata ta kullum, sai yarinyar ta sanƙare, ta dunƙule hannu, ta tsala ihu. Mata suka yi dariya. Innata ba ta yi ba.

Haka muka yi ta tafiya. Injin niƙa na maƙwabta bai hana ta barci. Ƙanena, mai murya kamar ta bijimi, yakan yi mata wasa ta lafe. Ni ko sallama na yi, sai kuka.

Da muka kai ta rigakafi Jega, na yi wa ma'aikaciyar jinya ƙorafi, wata Kirista 'yar Kudu da ta daɗe a garin. Na ce ko aljanu ne.

Ta ce, "Malam, ba aljani. Yaro yana ji tun yana ciki. Ranar da ya fito ya riga ya san muryar uwarsa, yana bambanta lallashi da tsawa." Ta dubi matata, matata ta dubi ƙasa. Ma'aikaciyar ta ci gaba da allurarta.

Tun ranar na rage murya. Na roƙi matata gafara, ta ce ta yafe. Yarinyar ce ban san yadda zan roƙa ba, don ba ta san laifin da na yi ba, jikinta ne kawai ya riƙe.

Yanzu shekararta bakwai, surutu gare ta kamar me. Shekaranjiya muna zaune kan tabarma ɗaya, gwiwarta na taɓa tawa, ta juya wajen uwarta ta ce, "Inna, ki ce ma Baba littafina ya cika."