Baƙuwar Da Ke Zuwa Da Yunwa

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga watan Agusta, ana gab da kiran la'asar, ina kasuwar Gwarzo aka bugo mini waya cewa Hajiya Adawiyya Kutama ta rasu, bayan jinyar da ba ta kai mako ba. Na yi salati kamar kowa. Amma abin da ya fara zo mini a rai shi ne mahaifiyata da ke kwance a Garo. Wa zai sa Inna ta ci abinci yanzu?

Hajiya, kin yi aikin asibiti har kika yi ritaya, aure kuma ya kawo ki Garo tun muna samari. Da wata ce, da ta shimfiɗa tabarma ta huta. Ke kuwa sai kika bi gida-gida kina leƙa kwanon tsofaffi. Na tuna shekarar da aka kawo tallafin hatsi unguwarmu, kowa na murna ana ɗora buhu a kan babur. Kika tsaya gefe kika ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, an ba Baba Jalo masara. To wa zai kai masa niƙa, wa zai dafa, kuma da wane haƙori zai tauna?" Aka yi dariya. Baba Jalo, tsohon da matarsa ta riga shi kuma 'ya'yansa ke kudu, shi bai yi dariyar ba.

Daga nan kika haɗa matan unguwa. Da kaka kowacce ta kawo abin da ta iya, wake ko gyaɗa ko busasshen zogale, ki adana don irin wannan wata na Agusta da rumbu ke yin ƙasa. Kika koya musu girkin tsoho: faten tsaki mai laushi da rama da kabewa, kunun gyaɗa ba a cika sukari ba, alale, daddawa a maimakon dunƙule. Gishiri kuwa kamar da shi kuka yi faɗa. Matata Kamila har yau in ta ɗebo shi sai ta waiwaya, ko kina bayanta. Matan Lakwaya da na Kutama sun zo sun koya, ba ki taɓa mayar da kowa ba.

Amma duk wannan wata ma za ta iya. Abin da ya sa nake rubutun nan daban ne.

Inna tana da ciwon sukari da hawan jini, an kuma ce kada ta sha magani ciki wayam. Mu ba mu rasa abinci ba, alhamdu lillahi. Mai ci muka rasa. In an kai mata kwano sai ta ce ta ƙoshi, ta kira jikoki ta tura musu, su kuwa ba sa barin ko miya. Kamila suruka ce, Inna ba za ta ci a gabanta ba. Ni kuma ɗan fari ne. Tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, "wancan" take ce mini, ko ruwa ba ta sha ina kallo. In kuma daga waje aka aiko, sai ta ce ita ba ta kai cin sadaka ba tukuna. Haka muka zuba ido tana ƙarewa, zaninta na zagaye ta yana ragowa.

Sai kika shigo. Da hantsi za ki biyo ta ƙofar baya ki miƙa wa Kamila kwano a madafa, ki koma ki zagayo ta zaure, ki yi sallama da ƙarfi kamar wadda ta sha tafiya. A gaisa, a tambayi gajiya da ruwa da jikoki, sannan ki sauke numfashi ki ce, "Wallahi Inna, yunwa nake ji, tun safe ban sa komai a bakina ba." Nan take Inna za ta miƙe zaune ta ɗaga murya, "Ke, ba ku ji baƙuwa ba ne? A kawo mata abinci!" A kawo kwanon nan naki. Ki buɗe, ki tsaya. "Ni fa ba na iya ci ni kaɗai, sai kin sa hannu." Tsohuwar da ta ƙi ɗanta ta ƙi surukarta ba ta iya barin baƙuwa ta ji kunya a ɗakinta. Ta sa hannu, kina hira kina turo mata gefen da ya fi wake. Ashe haka kike yi a gidaje da yawa, kina cin loma kaɗan a kowanne, muna tsokanarki wai kin fi kowa yawon ci a Garo.

Tun ranar da aka kai ki makwanci, Inna ba ta ci abin kirki ba. Kunu take kurɓa ta ajiye. Shekaranjiya jiri ya ɗebe ta a bakin ƙofa. Jiya na rasa yadda zan yi, na ɗauki faten da Kamila ta yi irin naki, na shiga na durƙusa, na ce, "Inna, yunwa nake ji." Ta juya fuska bango. Sannan ta yi magana da Kamila da ke tsakar gida: "A gaya wa wancan ya je zaure ya ci. Ni na san ta ƙofar da kwanon nan ke shigowa tun ran farko. Amma ita baƙuwa ce." Na fito da kwanon yadda na shiga da shi. Hajiya, tsoro nake ji. Ina tsoron kada mu idar da zaman makokinki mu shimfiɗa wasu tabarmin. Ban kuma san ɗaki nawa ne a garin nan ake ajiye kwano a rufe yanzu ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe kurakuranki, Ya yalwata makwancinki, Ya ciyar da ke daga abincin Aljanna kamar yadda kika ciyar da iyayenmu ba tare da kin kunyata su ba. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki Malam Zubair, da 'ya'yanki Taufiq da Sa'ada, da 'yan'uwa na Kutama, da matan da kuka yi aikin nan tare. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Gare ku kuma matan nan nake da roƙo. Duk wadda hanya ta biyo da ita Garo da hantsi, don Allah ta yi sallama a gidanmu, ta zaure. Kada ta riƙo komai, akwai abinci. Ta dai zo da yunwa.

Tasi'u Ɗanladi, Garo