Tudun Kanal da Dutsen Nur

Shekarun baya, a tsakiyar shekarun dubu biyu, lokacin da aikin Hajji yake faɗowa daidai kakar tumatir, mahaifiyata ta yi niyyar sauke farali. Turara shinkafa ce sana'arta tun ina goye, kuma a garinmu da ke tsakanin Kura da Bunkure ba wanda bai san hayaƙin tukwanenta ba. Da guminta ta biya kujerarta. Ina faɗar wannan tun da wuri ne don kada wani ya zaci akwai ɗan da yake da ikon cewa shi ya kai ta.

Bayan farali, Inna tana da wani buri nata na daban. Mahaifinta ya tafi Makka a ƙasa ta hanyar Sudan tana 'yar mitsitsiya, bai dawo ba. Abokin tafiyarsa ne ya dawo bayan shekaru da labarin rasuwarsa, ya kuma ce sun hau Dutsen Nur tare har bakin Kogon Hira, a nan ya ji shi yana kiran sunan 'yarsa yana yi mata addu'a. Iyakar gadon da Inna ta samu daga ubanta ke nan. Ba ta tuna fuskarsa, ba ta san kabarinsa ba, amma ta san akwai wuri ɗaya a duniya da ya tsaya ya tuna da ita, kuma tana so ta tsaya a wurin da ƙafarta.

Mahaifinmu ya riga ya rasu, don haka yayana, ɗan farinta, shi ne muharraminta a tafiyar. Dilan shinkafa ne, yana da mota, ya san birni, shi ya nemo wani kamfanin jirgin yawo. Ranar da aka je kama kujera da ni aka je. Ejan ɗin ya yi mana bayani cewa bayan an gama aikin Hajji akwai ziyara, kuma ranar Dutsen Nur kashi biyu ake raba alhazai: masu ƙarfi su hau tare da jagora, wani Bahaushe mazaunin can, tsofaffi kuma su jira a mota a gindin dutse.

Inna ta ce, "Sa ni cikin masu hawa."

Ejan ya yi dariya. "Hajiya, dutsen nan fa ba suri ba ne. Samari ma harshe a waje suke isa."

"Ai shi ya sa nake faɗa maka tun yanzu, ɗan nan, don ka faɗa mini abin da zan yi."

Ya ga da gaske take. Ya ce to ta riƙa tafiyar ƙasa kullum, ta nemi tudu ta riƙa hawa da sauka, ta sayi takalmi mai kama ƙafa. Yayana yana zaune a wurin yana wasa da mukullin mota.

To ina za a samu tudu a ƙasarmu? Daga nan har inda ido ya tsaya gonaki ne a shimfiɗe kamar tabarma. Abin da ya fi komai tsawo shi ne gangaren babban kanal, wajen ƙofar da ake sako ruwa. Nan Inna ta mayar Dutsen Nur ɗinta. Tun bayan ƙaramar Sallah, kullum da hantsi kafin ta ɗora tukunya, sai ta ɗaura ɗamara da tsohon mayafi, ta sa takalmin kambas da muka sayo mata a kasuwar Bunkure, ta hau ta sauko, ta hau ta sauko. Daga baya ta ce ai can za ta ɗauki ruwan sha, sai ta fara hawa da tulu a ka.

Ni aka ɗora wa rakiya, da yake gidan aurena yana kusa. Zan faɗi gaskiya, rakiyar baki ce. In na hau sau 'yan kaɗan sai in nemi gindin darbejiya in zube ina haki, ina ce mata ƙirga mata nake yi. Masu ban ruwan tumatir su tsaya da fartanya a hannu suna kallo, direbobin da ke lodin kwanduna su riƙa ɗaga murya, "Sannu Hajiya, saura ƙiris ki isa!" Ta ɗaga musu hannu ta ci gaba. Malamin da ke yi wa maniyyata bitar aikin Hajji ma ya tuna mata cewa hawan dutsen nan ba ya cikin rukunan Hajji. Ta ce, "Na sani, Malam. Ba lada na ce zan je nema a kai ba. Gaisuwa zan kai."

Da tafiya ta matso sai aka shiga yawon sallama. Kun san al'adar: maniyyaci ya bi gida gida, ya nemi gafarar kowa, kowa ma ya nemi tasa, don kada ya je ɗakin Allah da haƙƙin wani a wuya. Ni ke riƙe mata mayafi da jaka. Muka bi dangi, muka bi maƙwabta, har matar da suka yi shekaru ba sa gaisawa saboda akuya ta ci shanya sai da Inna ta durƙusa mata. A ƙarshe muka shiga gidan aminiyarta, wata dattijuwa mai daddawa, wadda tare aka kawo su garin suna amare.

Inna ta ce, "To, tafiya ta zo. Abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba, ki yafe ni."

Matar nan ta fashe da kuka. Ni na ɗauka kukan rabuwa ne, har na fara ba ta haƙuri. Sai ta kama hannun Inna ta ce, "Ni ce zan nemi gafararki. Ba zan bari ki tafi da wannan a kaina ba. Kullum ina hango ki a tudun kanal da tulu, na sani, na yi shiru."

"Kin san me?"

"Ɗanki ya koma wajen masu jirgin tun kafin azumi. Ya ce musu kina da ciwon gwiwa, a mayar da ke cikin masu jira a mota. Ya ce kada a faɗa miki sai kun isa can. Matarsa ce ta faɗa a gidan suna."

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan turara. Gidan suna! Ke nan rabin matan garin sun sani, mazajensu sun sani, ƙila har direbobin da ke ce mata saura ƙiris sun sani. Watanni tsohuwa tana hawa tana sauka a gaban idon jama'a, ana ta yi mata sannu, ashe kallon wasa ake yi. Gidajen da muka shiga a ranar, duk an ce mata an yafe, an sa mata albarka, ba wanda ya iya buɗe baki sai mace ɗaya.

Inna ta gyara mayafinta ta ce wa aminiyarta, "Na yafe miki. Allah ya saka da alheri." Muka fito.

Ni kuwa ban tsaya ko'ina ba sai injin casar shinkafa inda yayana yake zama. Ban ko gaishe shi ba, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Yaya, yaushe Inna ta yi ciwon gwiwa ban sani ba?"

Ya dube ni ya ce, "Ke yarinya ce. In ta faɗi a kan dutsen nan wa za a tambaya? Ni ne muharraminta. Tausayinta na ji."

"Tausayi ne ya sa ka bar ta tana hawan kanal da tulu wata da watanni?"

"Ai motsa jiki ne, zai taimake ta a Safa da Marwa."

Na ce to shi fa, wane kashi yake? Ya kau da kai ya ce shi yana cikin masu hawa, don ya wakilce ta. Mutumin da ko masallacin Juma'a a mota yake zuwa! Na yi faɗa har ma'aikatansa suka kashe inji suna saurare. Washegari na sa mijina ya kai ni birni wajen ejan, shi kuma ya wanke hannunsa tas: maganar muharrami suke bi, in ya amince ko a can ne za a gyara.

Na dawo na ce wa Inna ta kira shi ta ba shi umarni, ai ita ta haife shi. A nan na ci karo da abin da ya fi ƙarfina, wato kunyar ɗan fari. Tunda nake ban taɓa jin ta kira sunansa ba, sai dai "yayanku". Ba ta haɗa ido da shi, ba ta ja-in-ja da shi, ko abinci ba ta miƙa masa da hannunta. Shi ma ya san haka sarai, kuma ni har gobe ina ganin da wannan ya dogara. Abin da ta iya yi kawai, ranar tashi a filin jirgi, da ya durƙusa neman gafara, ta dubi gefe ta ce, "Ku ce wa yayanku na yafe. Amma ina so in hau." Ya ce, "In mun je za a duba, Inna." Ni da yake ba Makka za ni ba, ban ga abin da zai tilasta mini yafewa a ranar ba, kuma ban yafe ba.

Sun yi aikinsu lafiya, sun dawo lafiya. Wata Hajiya 'yar Madobi da suka zauna ɗaki ɗaya ce ta ba ni labarin ranar Dutsen Nur. Ta ce Inna ta riga kowa shiryawa, ta ɗaure kambas ɗinta, ta cika gorar ruwa. Da mota ta tsaya ta miƙe, sai yayana ya tare ƙofa cikin ladabi ya ce, "Inna, rana ta yi zafi. Ki zauna, zan yi miki addu'ar a can." Jagora ya dube shi, ya dube ta, ya wuce da mutanensa. Ta koma ta zauna a bakin taga. Hajiyar ta ce har suka sauko Inna ba ta ɗauke ido daga kan dutsen ba, tana kallon tsofaffin matan wasu ƙasashe, waɗanda suka girme ta, suna hawa da sanda a hankali.

Yayana ya kai ƙololuwa, ba zan yi masa ƙarya ba. Har hoto aka ɗauke shi a can, ya sa a gilashi ya rataye a falonsa. Masu zuwa barka da sauka suka riƙa tambayar Inna, "Hajiya, an hau dutsen kuwa?" Ta ce, "Na ga gindinsa." Ta miƙa musu dabino da zamzam.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo ne bayan baƙi sun ɗauke ƙafa. Wata safiya na biyo ta bakin kanal, sai na hango ta a kan gangaren, da kambas, da tulu. Na ce, "Inna, me kuma ake yi?" Ta ce, "Ko Allah zai sake kira." Haka ta ci gaba shekara da shekaru, har gwiwar da aka yi mata ƙarya da ita ta zo ta kama ta da gaske. Ba ta sake komawa ba har ta rasu.

Tun daga nan, in na ji wani ya ce ya yanke wa tsohonsa hukunci a ɓoye don tausayi, sai in ji raina ya ɓaci. In kana tsoron wani abu ga mahaifiyarka, je ka durƙusa ka faɗa mata, ka bar ta ta amsa. Ni da yayana mun shirya tuni, muna zumunci, 'ya'yanmu suna kwana gidajen juna. Amma hoton nan yana nan a falonsa, kuma duk ranar da na je, kujerar da ta ba shi baya nake nema in zauna. Kambas ɗin Inna kuwa yana wajena, duk dunduniyarsa ta cinye a tudun kanal.