Kwamfutar da Yaya Umaru Ya Zaɓa

Shekara ashirin da bakwai ke nan da muka kai yayana Umaru makwancinsa. Har yau in na bi ta Ƙofar Taramniya, sai idona ya nemi wani shago da tuni ya koma wurin sayar da shinkafa.

A ƙarshen mulkin soja ne, lokacin da mota kan wuni a layin mai. Yaya ma'aikacin gona ne na gwamnati, kullum yana yawon ƙauyuka, ga ciwon ƙoda da ya fara kumbura masa ƙafafu. Wani abokinsa ɗan kasuwa ya dawo daga Dubai da na'urori biyu, ya ce Yaya ya zo shagonsa na Ƙofar Taramniya ya zaɓa. Ɗaya 'yar ƙarama ce mai shiga aljihu, ana rubutu a fuskarta da ɗan tsinke. Ɗayar kwamfuta ce ta ɗorawa a cinya, mai nauyi kamar dutsen niƙa. Ni na raka shi.

Ƙaramar ya fara ɗauka. Ya rubuta sunansa, ya goge, ya sake rubutawa, yana dariya. Ya jefa ta aljihun riga, ya dafa ƙirji. Can sai ya fito da ita ya ajiye, ya ce a naɗe masa babbar.

Na ce, "Yaya, kai da hawan mashin ke wahalarwa, ina za ka da wannan kaya?"

Bai amsa ba sai da muka fito. Ya ce, "Sani, wagga ƙarama ita raina ka so. Amma ta mutum ɗaya ta. Hadiza na shiga jami'a baɗi, kuma likita ya gaya mani gaskiya."

A bakin titin nan na san yayana tafiya zai yi. Na kasa tada mashin.

Watannin da suka rage masa, a tabarma ya ƙare su da 'yarsa Hadiza, in an kawo wuta, suna koyon bugun rubutu tare, shi da yatsa biyu. Bai ga shigarta jami'a ba.

Yau kowane mai shayi na da abin da ya fi waccan ƙaramar a aljihunsa. Nakan ce da Yaya na nan, da ya cika mu da hotunan gero daga ƙauye.

Babbar kwamfutar ta mutu tuntuni. Hadiza kuwa tana koyar da 'yan mata kwamfuta a unguwar Gidan Dare. Ranar da na leƙa ajinta, na tarar da ita durƙushe kusa da wata da ta kasa, tana cewa, "Sannu, a sake." Muryar ubanta ce. Na fita waje na share hawaye.

Allah Ya haskaka kabarinka, Yaya.